Wane Littafi Zan Karanta? Sharhi Kan Ƙagaggun Labarai Da Littattafan Ilimi Na Hausa

Duk wanda aka san shi da riƙon littafi, ko malamin makaranta ne ko mai sayar da littattafai a Kasuwar Kurmi, ya saba jin tambaya ɗaya daga bakin matasa: "Malam, wane littafi zan karanta?" Tambaya ce mai daɗin ji, domin tana nuna cewa ƙishirwar karatu ba ta mutu ba, duk da kukan da ake yi cewa waya ta cinye lokacin yara. Sai dai amsar da ake bayarwa sau da yawa ba ta ƙosarwa. Wani zai lissafo littattafan da ya yi jarrabawa da su a sakandare. Wata za ta turo sunayen littattafan soyayya da ke yawo a WhatsApp. Wani kuma zai ce a bar labarai, ƙarya ce da ɓata lokaci, a riƙi littafin addini da na tarihi kaɗai.

In aka duba da kyau, masu karatun Hausa a yau sun kasu gida uku. Akwai masu karanta ƙagaggun labarai zalla, waɗanda za su cinye littafi mai kashi uku cikin dare biyu, amma ba su taɓa buɗe tarihin garinsu ba. Akwai masu karanta littattafan addini da na tarihi, waɗanda ke ganin labari tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ce, bai kamata a ga babba da ita ba. Sai kuma 'yan bokon da suka yi nisa, waɗanda in za su karanta abu mai nauyi sai da Ingilishi ko Faransanci, Hausa kuwa tun a sakandare suka yi sallama da ita. Kowane gida a cikin ukun nan yana asarar abin da ke hannun ɗan'uwansa.

Abin da nake son tabbatarwa a wannan sharhi shi ne, ƙagaggen labari da littafin ilimi suna buƙatar juna, kuma mai karatun da ya fi kowa riba shi ne wanda yake haɗa su biyu-biyu. Labari yana shigar da kai zuciyar mutum ka ji abin da ya ji. Littafin tarihi, ko na rayuwar wani, ko na tafiya, ko na kimiyya, yana faɗa maka abin da ya jawo halin da mutumin ya shiga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka duk littafin labarin da zan ambata, zan yi ƙoƙarin nuna abokin tafiyarsa daga ɗaya ɓangaren.

Mafarin abin

Ƙagaggen labarin Hausa na boko yana da shekarar da ake dangana shi da ita. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasa ta nemi malamai su rubuta labarai na ƙashin kansu. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Dukkansu ƙanana ne, ana iya gama kowanne a zama ɗaya ko biyu, kuma har gobe su ne ƙofar da ta fi sauƙin shiga.

Ga wanda bai saba karatu ba, Ruwan Bagaja ne ya kamata ya fara ɗauka. Imam yana ɗan shekara 22 ya rubuta shi, kuma ƙuruciyar tana nan a jikin littafin: gudu, barkwanci, da ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya yi wa wancan tsiya, gobe wancan ya rama. Neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki hujja ce kawai ta yawo da mai karatu gari-gari. A ganina ɓangaren aljanu na ƙarshe bai kai na su Zurƙe armashi ba, amma kafin ka isa can littafin ya riga ya gama aikinsa, ya nuna maka cewa Hausar rubutu tana iya sa mutum dariya shi kaɗai a ɗaki. Jiki Magayi kuwa ba dariya a cikinsa. Attajiri ya ƙwace wa saurayi budurwa da ƙarfin dukiya, saurayin ya shiga duniya neman asirin da zai rama, asirin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, yaron ya tashi ɓarawo har ya zama ajalin mahaifinsa. Duk wanda ke zaton littattafan soyayya na Kano ne suka fara maganar auren kuɗi da auren dole, ya koma ya ga an faɗe ta tun shekarun 1930.

Bauta da yaƙi: jarumi da wanda aka taka

Shaihu Umar littafi ne mai natsuwa. Dattijon malami yana zaune a Rauta yana ba almajiransa labarin yadda aka raba shi da mahaifiyarsa yana ƙarami, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, aka ƙetare hamada da shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne uwar, wadda ta bar gida ta bi sawun ɗanta har ita ma aka mayar da ita baiwa, ta sha wuya a hanyar Murzuk da Tarabulus. Tafawa Ɓalewa yana malamin makaranta a Bauchi ya rubuta shi, tun kafin siyasa ta kai shi kujerar Firayim Minista, kuma Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Rauninsa ɗaya ne: Umar ya cika haƙuri, komai ya same shi ƙaddara ce, har mai karatu zai iya rufe littafin bai ji ɗacin cinikin bayi yadda ya kamata ba.

A nan ne Labarin Baba, mutuniyar Karo, yake shigowa. Wannan ba ƙirƙira ba ce. Baba tsohuwa ce da aka haifa wajajen 1877 a kan iyakar ƙasar Kano da Zazzau. Mary Smith ta zauna da ita tsakanin 1949 da 1950 ta rubuta abin da ta faɗa da bakinta, aka buga fassarar Ingilishi a 1954, asalin Hausar kuma ya fito daga baya a Kano. Gidan su Baba suna da rinji da bayi, amma su kansu ba su tsira daga tsoron mahara ba. Tana ba da labarin yadda ake sace mata da yara, dangi su shiga fafutukar tara kuɗin fansa, da yadda bayi suka watse bayan zuwan Turawa. Tana kuma faɗin aure-aurenta, da zaman kishi, da ƙawance, da riƙon 'ya'yan dangi tunda ita ba ta haihu ba, da bori, da biki. Ban san wani littafi da ya adana muryar talakar mace Bahaushiya ta wancan zamani kamar wannan ba, kuma Hausarsa ta hira ce, ba ƙaƙale.

Sai ka ɗauko Ganɗoki ka ajiye kusa da shi. Ganɗoki jarumi ne mai kirari da cika baki, yana yaƙi a rundunar Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, lokacin da Turawa suka zo, sannan ya bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi inda aka yi gumurzun 1903, daga nan labarin ya tsallaka duniyar aljanu. Wannan Sarkin Sudan ɗin da yake uban gidan jarumi a littafin Bello Kagara, shi ne Mai Sudan ɗin da Baba take ambata a matsayin abin firgita na ƙauyukansu. Mutum ɗaya, littafi biyu, fuska biyu. Wanda ya karanta Ganɗoki kaɗai zai fito da alfaharin takobi. Wanda ya haɗa da Baba zai san cewa kowane hari da maroƙi ya yi wa kirari, akwai gidan da aka kwana ana kuka. Wannan darasi ba malamin tarihin da zai koyar da shi fiye da yadda littattafan biyu suke koyarwa in an karanta su a jere.

Don sanin sarakuna da shekaru, akwai Kano Ta Dabo Cigari na Wazirin Kano Alhaji Abubakar Dokaji, wanda ya fito a 1958, ya bi sarautar Kano tun daga Bagauda, ya ratsa ta zamanin Muhammadu Rumfa har zuwa gidan Dabo. Akwai Tarihin Fulani na Waziri Junaidu, da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rubuta da Larabci aka kuma fassara shi zuwa Hausa. Ya kamata mai karatu ya riƙe a ransa cewa daga fada aka rubuta waɗannan, don haka idonsu yana kan sarki da waziri da sarkin yaƙi. Suna ba ka ƙashin tarihi, labarai da bakin talakawa su ba ka tsokarsa.

Abubakar Imam, shaidar da ta fi ƙarfi

Idan ana neman hujjar cewa labari da ilimi tagwaye ne, a dubi Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911 ya rasu a 1981. Magana Jari Ce, mai littafi uku, ya fito a ƙarshen shekarun 1930 da labarai fiye da 80. A na farko, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa, mugun waziri yana neman hanyar hallaka yaron, aku kuwa yana tsare shi da labari kowane dare har gari ya waye. A na biyu akun ya shiga gasar ba da labari da wani akun, a na uku yana horar da ɗansa Fasihi. Ƙarami zai karanta don daɗin labarin. Babba in ya sake karantawa zai ga littafi ne kan mulki, da haɗarin mugun mashawarci, da yadda iya magana ke ceton rai. Duk mai son ya koyi rubuta Hausa, ya lura da yadda Imam ke saka karin magana a bakin mutanensa ba tare da ta yi wa jimla nauyi ba.

Abokin tafiyarsa shi ne Adabin Abubakar Imam na Farfesa Ibrahim Malumfashi, wanda ya bi diddigin inda labaran suka samo asali. Da yawa daga cikinsu an ɗebo su ne daga Dare Dubu Da Ɗaya, da tatsuniyoyin Jamus, da hikayoyin Indiya da na Larabawa, Imam ya sa musu riga da rawani har ba ka iya gane baƙi ne. Wasu suna jin wannan su ce ashe aro ne. Ni abin da na gani shi ne, babban marubucin Hausa ya zama babba ne saboda yawan karanta littattafan wasu al'ummu. Matashin da ke son rubutu amma ba ya karatu, ya yi wa kansa hisabi da wannan.

Imam ɗin nan dai shi ne editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, kuma shi ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin tafiyarsa Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Daɗin littafin yana wajen ganin yadda yake bayyana teku da jirgin ruwa da zaman Turawa ga mutanen da ba su taɓa barin lardinsu ba, ba tare da ya raina su ko ya raina kansa ba. Malam Aminu Kano ma ya bar irin wannan a Motsi Ya Fi Zama. Sannan Imam da East sun haɗu sun rubuta Ikon Allah, bayanin halittu da tsirrai da sararin sama cikin Hausa mai sauƙi. Duk mai cewa Hausa ba za ta iya ɗaukar kimiyya ba, bai ga wannan littafi ba ne. Yaron da aka ba Ikon Allah, a haɗa masa da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sama ya ɗauke shi yawon sararin samaniya. Ya fito a 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata, kuma har yau marubutanmu kaɗan ne suka bi wannan hanya.

Kuɗi, mulki da lalacewar zamani

Daga ƙarshen shekarun 1970 labarin Hausa ya sauko daga duniyar aljanu ya shigo tasha da kasuwa da ofis. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi saurayin da ya bar ƙauye don ruɗin birni ya ƙare cikin 'yan iska. Gasar da Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta shirya ta haifar da littattafan da aka buga a 1982, ciki har da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, kan fasa-ƙwauri da cin hanci da attajirin da ya sayi kowa, da Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello kan haɗurran mota da gangancin direbobi, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Sulaiman Katsina ya ƙara da Tura Ta Kai Bango, kan talakawa da 'yan siyasa.

Cikin waɗannan, Ƙarshen Alewa Ƙasa ne ya fi girgiza ni. Mailoma ya fito daga ƙauyen Maguzawa, ya shiga soja, ya ga yaƙin basasar 1967 zuwa 1970, ya fito da gwanintar kisa ba tare da sana'a ba, sai ya tara irinsa ya kafa ƙungiyar ta'addanci. Littafin yana da jini da yawa, wasu wuraren ma ya wuce gona da iri. Amma wanda ya karanta shi a yau, lokacin da 'yan bindiga suka hana noma a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, zai ga marubucin ya hango abin da ke faruwa idan makami ya haɗu da talauci da ƙiyayya, tun shekaru fiye da 40 da suka wuce.

Waɗannan labarai suna nuna cutar, amma ba su faɗa maka ko an taɓa samun masu yaƙi da ita ba. Don haka a haɗa su da Rayuwar Ahmad Mahmud Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano ya rubuta a kan malaminsa kuma amininsa. Ɗan ƙaramin littafi ne kan mutumin Bauchi da ya haɗa ilimin addini mai zurfi da boko, ya yi karatu a kwalejin Yaba ta Legas, ya riƙe sakataren jam'iyyar NCNC, ya zama ɗaya daga cikin masu hura wutar tunanin da ya haifi jam'iyyar NEPU a 1950, ya rasu a 1958 bai ga 'yancin kai ba. Daga nan a wuce zuwa waƙoƙinsa, musamman Arewa Jumhuriya Ko Mulukiya, inda ya gargaɗi sarakuna su gyara kafin zamani ya gyara musu. Na uku a wannan rukuni shi ne Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa littafin George Orwell, aka buga a 1975. Dabbobi sun kori Nomau don su mulki kansu, sai Maitumbi da 'yan'uwansa aladu suka zama abin da aka kora, Akawal mai aiki tuƙuru kuwa aka sayar da shi da ƙarfinsa ya ƙare. Orwell da juyin juya halin Rasha yake, amma duk wanda ya taɓa yin layin zaɓe da fatan canji zai gane garken.

Mata, aure da littattafan Kano

So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, shi ne ƙagaggen labarin Hausa na farko da aka buga daga alƙalamin mace. Labarin Boɗaɗo ne, 'yar Fulani da ta tsaya kan wanda take so duk da adawar dangi. Bayan 'yan shekaru, da tattalin arziki ya karye manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa a Kano suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama suka kafu. A shekarun 1990 an yi zazzafar muhawara a jaridu tsakanin masu ganin wannan adabi shirme ne da masu kare shi, irin su Ibrahim Malumfashi a gefe guda, Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu a ɗaya gefen. A 2007 har an ƙona wasu littattafan a bainar jama'a a Kano.

Gaskiyar magana, a cikinsu akwai tsaba akwai ƙaiƙayi. Da yawa ba su ga edita ba, ƙa'idar rubutu a karye, an ja labarin da bai wuce littafi ɗaya ba ya zama uku don ciniki, an cika shafuka da kwatancen leshi da mota da falo. Amma waɗannan littattafai ne suka koya wa dubban matan aure karatun boko a cikin ɗakunansu, daga Kano har Maraɗi da Damagaram, kuma su ne suka fito da maganganun da ake rufewa a gida. Wanda zai zaɓa, ya fara da Balaraba Ramat Yakubu. A Alhaki Kuykuyo Ne, Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya, Rabi ta riƙe su da sana'ar abinci, da duniya ta juya masa baya kuma aka taru aka matsa mata ta koma. Wannan ƙarshe ba ya faranta rai, kuma nan ne ƙarfin littafin, domin haka ake yi. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. A Wa Zai Auri Jahila? kuma, Abu ce aka cire daga makaranta aka aurar da ita ga tsoho, ta gudu ta nemi ilimi da kanta. Marubuciyar ta san abin da take faɗa, domin ita ma an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama.

Bayan ita akwai In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, labarin Sumayya 'yar masu kuɗi da Muhammad talaka, wanda ya yi tashen da kaɗan suka taɓa yi. Akwai Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Ahmed Funtuwa, da Mace Mutum na Rahma Abdulmajid, da 'Yartsana na Ibrahim Sheme, wanda ya bi rayuwar yarinyar da auren dole ya jefa karuwanci, ya kuma ci kyautar Ƙaraye a 2007. 'Yartsana ya fi yawancinsu tsari da tsabtar rubutu, kuma ba ya yi wa mai karatu wa'azi da ƙarfi, yana barin rayuwar ta yi magana.

Abokin tafiyar waɗannan shi ne tarihin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Larabci da Hausa, ta kafa tsarin 'yan taru inda malamai mata da ake kira jaji ke zagaya ƙauyuka suna karantar da mata. Yarinyar da ta karanta labarin Abu sannan ta san Nana Asma'u, za ta gane cewa neman ilimin mace gadonta ne na gida, ba wanda ya kawo mata shi daga waje. Uban da ya karanta su biyun kuma zai yi tunani sau biyu kafin ya cire 'yarsa daga aji.

Kada a manta da wasan kwaikwayo da waƙa. Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Muhammad Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, duk kan rikicin aure da yaudara suke, kuma sun fi daɗi in an raba matsayi an karanta su da murya a cikin gida ko aji. Waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi da Fasaha Aƙiliya na Aƙilu Aliyu kuwa, su ne makarantar duk mai son ya ji iyakar inda Hausa za ta iya kaiwa.

Inda giɓin yake

Mai karatu zai lura cewa a ɓangaren labari sunaye sun yi yawa har sai an tace, a ɓangaren ilimi kuwa yawancin abin da na ambata tsofaffi ne. Wannan ita ce babbar matsalarmu. Littattafan addini da Hausa, alhamdu lillahi, suna nan birjik, tun daga tarjamar Alƙur'ani ta Shaikh Abubakar Mahmud Gumi har zuwa ƙananan littattafan fiƙihu da addu'o'i. Amma littafin Hausa mai inganci kan lafiyar uwa da jariri, ko noman zamani, ko yadda banki da haraji suke aiki, ko rayuwar manyan 'yan kasuwa da malamai da mawaƙanmu, sai an tona kafin a samu.

Mafi kyawun binciken da aka yi a kanmu yana cikin harshen da yawancinmu ba sa karantawa. Mahdi Adamu ya wallafa littafinsa kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma a 1978, ya bi fataken goro har Gwanja da Salaga, amma da Ingilishi, don haka jikokin waɗannan fatake da ke zangon Kumasi da masu kasuwanci a Kurmi da yawa ba su san da shi ba. Haka aikin Yusufu Bala Usman kan tarihin Katsina, haka littafin Jean Boyd kan rayuwar Nana Asma'u. Har a ɓangaren labari, abin da Zaynab Alkali da Abubakar Adam Ibrahim suka rubuta kan rayuwar Arewa da Ingilishi ya cancanci ya dawo gida da Hausa. A ɗaya gefen kuma, sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato cike suke da kundayen digiri da aka rubuta da Hausa kan sana'o'i da magungunan gargajiya da makaɗa da tarihin garuruwa, suna kwance a kanta ba wanda ya mayar da su littafin da ɗan kasuwa zai saya. Tsofaffin littattafan ma da yawa sun ɓace daga kasuwa, sai kwafin hoto mai dishi-dishi da ake turawa ta waya.

Akwai alamun alheri. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da mata masu rubuta gajerun labarai masu ma'ana, kuma wayar da ake zargi ita ce ta kai littafin Hausa hannun wanda ke Sudan ko Kamaru ko Saudiyya cikin daƙiƙa. Abin da ya rage shi ne masu ilimi su shiga wannan fili da nasu kayan.

Ga mai tambaya

Wanda ya ce wane littafi zai karanta, ga amsata a taƙaice. In sabon shiga ne, ya fara da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce don harshensa ya saki. Daga nan ya ɗauki Shaihu Umar da Ganɗoki tare da Labarin Baba. Sai Ƙarshen Alewa Ƙasa da Gandun Dabbobi tare da rayuwar Sa'adu Zungur. Sai littattafan Balaraba da 'Yartsana tare da duk abin da ya samu kan Nana Asma'u. Ya ajiye Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, kusa da shi don kalmomin da suka tsufa, in kuma yana son sanin tarihin rubutun gaba ɗaya ya nemi Hausa A Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, na 1988. Kowane littafi ya gama, ya tambayi kansa abu biyu: wa ya rubuta shi, kuma muryar wa ba a ji ba a ciki? Amsar tambaya ta biyu ita za ta nuna masa littafin da zai nema na gaba.

Kira na kuma ga iyaye da malamai da masu hali ne. Iyaye su sayi littafi su ajiye a gida, su karanta wa yara da murya bayan sallar isha'i, kada su tsaya ga hana waya kawai. Malaman jami'a su sauko da bincikensu cikin Hausar da mai shayi da matar aure za su gane. Masu hali su ɗauki nauyin sake buga tsofaffin littattafai da fassara waɗanda aka rubuta a kanmu da wasu harsuna, domin wannan ma sadaka ce mai gudana. Kai kuma mai karatu, in kana cikin masu labari zalla, nemi littafin tarihi ɗaya a wannan wata. In kana cikin masu raina labari, ari Shaihu Umar ka karanta shi har ƙarshe kafin ka yanke hukunci.